Gwanayen Renon Tsiron Da Ke Cin Ƙwari

A tsaunukan Meksiko, a jikin duwatsu masu inuwa inda ƙasa ba ta da ƙarfi, akwai wani ɗan tsiro da masana ke kira Pinguicula. Ganyensa na sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Ƙananan ƙwari sukan sauka a kai su manne, sai ganyen ya fitar da wani ruwa ya narkar da su, ya tsotse abincin da ƙasa ta hana shi. Tun a 1875 Charles Darwin ya yi bayanin yadda ɗan'uwansa na Turai ke wannan farauta. Yau mutane da yawa na renonsa a bakin taga, amma ba kowa yake yi wa fure ba, kuma masu kai shi ga fure sun cancanci yabo.

Gwani yakan fara ne daga tukunya. Saiwar tsiron gajera ce, siririya, ba ta jure laka. Don haka ba ya zuba ƙasar lambu ko taki. Yashi mai tsakuwa yake haɗawa da ɓarɓashin dutse mara nauyi, yadda ruwa zai wuce, iska ta ratsa. Ruwan sama yake ba shi, don gishirin ruwan rijiya kan taru a tukunya. Haske kuwa mai yawa, amma ba zafin tsakar rana ba.

Wannan duk ana iya koya a yini ɗaya. Abin da ke bambanta gwani shi ne iya karanta ganye. Yawancin nau'o'in Meksiko, irin su Pinguicula moranensis, kama biyu gare su a shekara. Da damina sukan baje faffaɗan ganye mai danƙo, su yi ta kamun ƙwari, kuma a lokacin suna son ƙasa mai danshi. Idan rani ya shigo a ƙasarsu, sai su daina farauta, su dunƙule su zama ƙananan ganye masu kauri da ke adana ruwa. Sabon shiga yana ganin haka sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, zuciyar tsiron ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Gwani kuwa janye hannu yake yi. Ba ya duba kalanda. Sai ya ga sabon ganye ya fara ƙanƙancewa sannan ya rage ruwa, ba kuma zai ƙara ba sai mai danƙo ya sake ɓullowa. Nau'in gypsicola na jihar San Luis Potosi ma kusan a bushe ƙayau ake barinsa na watanni. Wannan haƙurin yana burge ni ƙwarai, domin hana ruwa ga abin da kake ƙauna ya fi ba shi wuya.

Hutun nan ne ke ba tsiron ƙarfin fure. Sai ka ga siririn kara ya miƙe daga tsakiya, nesa da ganyen tarko, da fure guda a samansa, ruwan hoda ko shunayya, mai ɗan ƙaho a baya inda zaƙin yake.

A lokacin hutun ne kuma gwani ke samun iri. Yakan zare ganye guda a hankali har gindinsa, ya ɗora a kan yashi mai ɗan danshi ba tare da ya binne ba. Bayan 'yan makonni jarirai sukan tsiro daga gindin ganyen, har ya samu na bai wa abokai.