Masaƙa da Masu Ɗaurin Tsintsiya na Kwalejin Berea

A garin Berea, jihar Kentucky ta Amurka, akwai ƙaramar kwaleji wadda ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba. John G. Fee, limamin coci mai adawa da bauta, ya kafa ta a 1855, ya karɓi baƙar fata da farar fata, maza da mata. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin makaranta, kuma 'ya'yan talakawa take ɗauka, galibi daga yankin duwatsun Appalachia.

Sharaɗin shi ne kowane ɗalibi ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako.

Cikin ayyukan nan akwai sana'ar hannu, kuma waɗanda suka fi cancantar jinjina su ne masu koyar da ita. Ɗaliba za ta fito daga darasin falsafa ta zauna gaban masaƙa, malamarta na gefe tana nuna mata yadda ake ƙulla zaren da ya tsinke ba tare da ƙullin ya fito a mayafi ba. Wani yana sassaƙa ƙafar kujera, wani yana ginin tukunya. Tsintsiyarsu kuwa, da kan wani nau'in dawa ake ɗaure ta, ɗaya bayan ɗaya, da hannu.

Haƙurin malaman nan abin a yaba ne ƙwarai. Hannun yaro na faɗawa sai ya kammala karatu ya tafi, su sake farawa da sabon shiga. Da wannan juriya saƙar mutanen Appalachia, wadda kayan masana'antu suka kusa binnewa, take samun sababbin magada kowace shekara.