Gwanin da Ba Ya Saurin Ɗora wa Faifai Laifi

An jona faifan ajiya da aka shirya a kan Windows a jikin kwamfuta mai Linux, an tura masa bidiyo mai gigabayit huɗu. Kwafi yana jan ƙafa, fanka tana ta kuka, jikin kwamfutar ya ɗau zafi. Yawancin mutane nan take za su ce faifan ya tsufa ko wayar USB ta lalace, su kama hanyar kasuwa. Akwai wani irin ma'aikaci da nake ganin girmansa ƙwarai, wanda ba ya sa hannu a aljihu sai ya amsa tambaya guda: furosesa aiki take yi, ko jira take yi?

Yakan buɗe top, 'yar manhajar da ke jera duk abin da ke gudana a kwamfuta. Can sama akwai wata lamba mai suna wa. Idan ita ce ta hau, to furosesa zaune take tana jiran faifai, sai a bincika faifan, ko wayar, ko kafar USB 2.0 wadda a aikace da wuya ta wuce megabayit 35 a daƙiƙa. Amma idan ya ga mount.ntfs, wato direban NTFS-3G da ke sarrafa faifan Windows ɗin, a kan gaba da kashi 100, magana ta juye: faifan lafiyarsa ƙalau, shi ne ma ke jiran a ba shi kaya. A nan ake gane wanda ya ƙware. A kwamfuta mai cibiyoyin lissafi huɗu, jimillar aikin furosesa kan nuna kashi 25 kacal, sai sabon shiga ya ce ai ba ta ma gaji ba. Shi kuwa gwani yakan danna lamba 1, cibiyoyin su bayyana ɗai-ɗai, a ga guda ta cika maƙil ragowar ukun suna hutawa, domin direban ba ya raba wannan aiki tsakaninsu.

Ya san dalili, kuma dalilin yana da tarihi. NTFS tsarin ajiyar fayil ne da Microsoft ya fito da shi a 1993 tare da Windows NT, bai kuma wallafa cikakken bayanin cikinsa ba. Masu aikin Linux sai da suka yi shekaru suna tono shi da gwaji, kuma direban da ke cikin kanel, wato zuciyar Linux, ya daɗe karatu kawai ake amince masa. A 2006 Szabolcs Szakacsits, ɗan ƙasar Hangari, ya fito da NTFS-3G, wanda ke karantawa ya kuma rubuta ba tare da ɓata kayan mutane ba, a farkon 2007 kuma aka fitar da tabbataccen zubinsa. Sai dai ba a cikin kanel yake zaune ba. A waje yake aiki kamar kowace manhaja, ta wata hanya mai suna FUSE da Miklos Szeredi ya ƙirƙira, wadda ta shiga Linux a 2005.

Nan nauyin yake. Duk ɗan bayanin da za a rubuta sai ya shiga kanel, ya fito zuwa ga direba, ya sake komawa kanel kafin ya isa faifai. A tsohon saiti kuma kilobayit 4 ake ɗauka a kowane zuwa. Kamar a ce mutum ya cika randa da moɗa alhali ga tulu a ajiye: ba ruwan ne zai gajiyar da shi ba, zirga-zirgar ce. Gigabayit ɗaya kaɗai sawu 262,144 ne. Gwani yakan cire faifan ya sake ɗora shi da zaɓin big_writes, kowane ɗauka ya koma kilobayit 128, sawun ya sauko zuwa 8,192. A ƙananan na'urori irin su Raspberry Pi, waɗanda furosesarsu ba ta da ƙarfin a-zo-a-gani, ana jin bambancin nan da nan.

Idan hakan bai wadatar ba, sai ya duba ko an ɗora faifan da zaɓin sync, wanda ke tilasta a jira kowane rubutu ya sauka kafin na gaba. Ya duba ko faifan ya kusa cika, don a lokacin direban kan sha wahalar laluben gurabe a warwatse. Ya kuma tambayi abin da ake kwafewa, saboda ƙananan hotuna dubu goma sun fi fim ɗaya mai girmansu wuya: kowanne sai an buɗe masa nasa layin a babbar rajistar faifan, MFT.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake auna aikinsa. Abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, sannan ya maimaita gwajin da fayil ɗin da ya fara da shi. Ba ya kuma yarda da abin da allo ya nuna. Linux kan tara bayanai a ma'ajiyar wucin gadi ya ce an gama, alhali rubutu yana nan yana gudana, shi ya sa kwafi kan yi gudu da farko sannan ya maƙale a kashi 99. Gwani ba ya tsayar da agogonsa sai umarnin sync ya dawo.

Yau hanyoyi sun ƙaru. A 2021 kamfanin Paragon ya shigar da direba mai suna ntfs3 cikin kanel 5.15, wanda ba ya buƙatar waccan kai-komo. Tun 2019 kuma Microsoft ya buɗe bayanin exFAT, wanda ya dace da filashin da ke yawo tsakanin Windows da Linux. Faifan da ba zai taɓa barin Linux ba, ext4 ya fi masa. Duk da haka gwanin ƙwarai ba ya rena NTFS-3G, don ya san shekarun da ya yi yana riƙe amanar kayan jama'a. Idan faifan na ɗauke da hotunan biki ko takardun makarantar da ba su da kwafi a ko'ina, yakan gaya wa mai shi gaskiya: a yi haƙuri da jinkirin yau, a kwashe komai zuwa wani faifan tukuna, a buɗe a tabbatar sun isa lafiya, sannan a yi maganar canza direba ko sake tsarin faifan.