Jinjina ga masu gyaran kwamfuta na Magama

A Magama, bakin iyakar Jibiya, kwamfuta ce gonar mai fiton kaya. Ranar da rumbun ajiyarta ya mutu, ga manyan motoci jere a hanyar Maraɗi, ranar ake sanin darajar mai gyara.

Sa sabon rumbu ba wuya. Wuyar tana wajen lasisi. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanoni ke binne lambar lasisin a cikin babban allon injin, shi ya sa Windows kan farfaɗo da kanta da zarar ta samu intanet. Office kuwa sai ta nemi asusun Microsoft ko lambarta mai haruffa 25, abin da yawancin mutane suka manta inda suka ajiye.

Na ga wani matashi zaune kan benci, janareta na ruri, yana lallaɓa wani dattijo: "Alhaji, daure ka tuna imel ɗin da aka yi rajistar da shi." Da ya so, da ya ɗora masa Office ta sata a sha ruwan tsuntsaye. Ya ƙi. Sai bayan la'asar suka gano kwalin Office ɗin a ƙasan durowa, lambar ta koɗe amma tana karantuwa. Allah ya yi wa hannun nan albarka.