Fana'i Tsakanin Shuhudi da Wujudi: Nazari kan Kashiful Ilbas

Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900–1975) ya wallafa Kashiful Ilbas a farkon shekarun 1930, bayan bayyanar Faila a 1929, domin kare tarbiyyar da ke kai muridi ga ma'arifa. Ƙofar wannan ma'arifa ita ce fana'i, wato halin da mai zikiri ke ɓacewa daga ganin kansa da ganin zikirinsa, har babu abin da ya saura a shuhudinsa sai Wanda ake ambato.

Ƙarfin littafin yana cikin yawan naƙalinsa daga magabatan sufaye, wanda ya nuna cewa batun ya girmi Faila. Ko a ƙasar Sakkwato, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame (ya rasu 1864), jikan Shehu Usmanu, ya yi sharhin wurare masu wuya na Al-Insanul Kamil na Jili. Rauninsa kuwa, an rubuta shi ne ga wanda ya riga ya ƙoshi da tauhidi da isɗilahin sufaye. Larabci ya raba shuhudi da wujudi, amma idan aka fassara wa almajiri da baki, a Kuryar Madaro ko Shinkafi ko Zurmi, kalmar "babu" takan haɗiye ma'anonin biyu. Taurari suna ɓacewa ga ido da hantsi, alhali suna nan. Wanda ya ɗauki rashin gani a matsayin rashin samuwa ya soke bambancin bawa da Ubangiji, kuma daga nan ne maganganun waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa ke tsirowa.

Masu suka ma sukan faɗa wannan rami, su yi wa kowane fana'i hukunci ɗaya. Ibnu Taimiyya (ya rasu 1328) bai yi haka ba. Ya yabi fana'i daga nufin wanin Allah, ya ɗauki fana'i daga ganin waninSa a matsayin rauni mai uzuri, ya yi tir da mai kore samuwar halitta.

Saboda haka wajibi ne mai karantar da Kashif ya haɗa fana'i da baƙa'i, bisa tafarkin Junaidu na Bagadaza: wanda ya ɓace ya dawo hayyacinsa, ya tsai da salla, ya kiyaye haƙƙin maƙwabci. Idan aka bar wannan sharaɗi, wani zai yar da shari'a da sunan haƙiƙa, wani kuma ya kafirta ɗan'uwansa musulmi saboda kalmar da bai tantance ba. Allah ne Mafi sani.