Sharhi a Kan Tsofaffin Taswirorin Birane da Ake Sake Bugawa a Ingila

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna amfanin jerin taswirorin da kamfanin Alan Godfrey ya fara sake bugawa a garin Gateshead a shekarar 1981, waɗanda yawansu ya haura 3,000. Asalinsu na hukumar safiyo ta Birtaniya ne, watau Ordnance Survey, wadda ta zana su bisa ma'aunin kimanin inci 25 ga kowane mil ɗaya. A sabon bugun an rage su zuwa wajen inci 15, aka kuma ƙara taƙaitaccen tarihin unguwar a bayan takarda, sau da yawa har da sunayen mazauna da aka tsamo daga kundayen adireshi na zamanin, irin na Kelly.

Ba mu musun fa'idarsu. Unguwannin talakawa da dama a Liverpool da Leeds da gabashin Landan an rushe su a shekarun 1930, sa'an nan aka ƙarasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya tarar da sunan titin kakansa a takardun ƙidayar 1891, in ya je wurin yau ba lalle ya ga ko kufai ba. Taswirar ce za ta nuna masa masaƙa da layin dogo da majami'a da makarantar da ke maƙwabtaka da gidan, a kuɗi kaɗan.

Sai dai akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. Shekarar da ke jikin bango takan sa mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da ke hannunsa shaidar shekara guda ce, alhali kuwa tsakanin awon fili da buga taswira akan sami tazara, kundin adireshin da aka haɗa da ita ma sau da yawa na wata shekarar ne dabam. A garin da ake gina tituna sababbi kowace shekara, wannan tazara ta isa ta ɓatar da mai neman asalin zuriyarsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne su wa aka ambata, su wa aka tsallake. An shirya kundayen nan ne domin ciniki, saboda haka mai kanti da likita da mai mashaya suna ciki, amma lebura da mai wankau da ke haya a lungunan bayan titi galibi babu su. Taswirar kuma ba ta ɗauke da lambobin gidaje, domin sai bayan yaƙin ne hukumar ta riƙa sa su. Ke nan mutanen da mafi yawan masu binciken nan suka fito daga tsatsonsu, su ne takardar ta fi yin shiru a kansu. Lungu ya fito sarai a zane, amma ba za a san mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya ba sai an koma ga ƙidaya, wadda tun 1841 take rubuta sunan kowa.

Sharhin bayan takarda kuwa bai zama ɗaya ba, tunda marubuta dabam-dabam ne: wani ya bi titi-titi, wani ya tsaya kan tarihin kamfanonin jirgin ƙasa. A ganinmu, da an ware layi biyu a kowane bugu an bayyana shekarar awo da ta kundi, da irin mutanen da kundin ba ya lissafawa, da ya fi wa ɗalibi amfani.