Sanɗar Mutum Ɗaya da Sanɗar Ayari

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wasa ne na baka da ake yi a gewayen tebur. Mutum huɗu ko biyar kan zauna, kowa ya ari bakin jarumi guda, jagoran wasa kuma ya riƙa warware musu labarin duniyar dodanni da matsafa. Idan jarumi ya ƙuduri wani abu mai haɗari, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Kowane jarumi da sana'arsa, uku daga cikinsu kuwa sun shahara da sanɗa: Ɓarawo, Mafarauci da Ɗan Zuhudu na Tafarkin Inuwa. Zan auna su bisa dokokin bugu na biyar na 2014, ma'aunina kuma shi ne amfanin sanɗar kowannensu ga sauran mazauna teburin.

Ɓarawo ya shigo wasan a 1975 ta ƙaramin littafin Greyhawk, inda sabon shiga ke da damar 10 cikin 100 kacal ta ɓuya a inuwa. Bugun 2000 ya sauya masa suna zuwa Rogue, wato tantiri, na 2014 kuma ya cika masa jaka. Tun matakin farko yana iya ninka makin ƙwarewarsa a sanɗa. A mataki na 2 yakan kai hari ya kuma ɓuya a zagaye guda. A mataki na 11, duk jifan da bai kai 10 ba ana lissafa masa shi 10. Babu mai ja da shi a wannan fage, kuma baiwarsa ba ta ƙarewa, dare ko rana.

Aibinsa, a ganina, shi ne duk wannan baiwa a jikinsa ta tsaya. Mayaƙin da ke sanye da sulke mai nauyi sau biyu yake jifa in zai yi sanɗa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Saboda haka Ɓarawo yakan bar shi a ƙofar kogo ya shiga leƙen asiri shi kaɗai. Wasan da aka taru dominsa sai ya koma hira tsakanin mutum biyu, saura sun yi tagumi suna jiran labari. In kuma aka gano shi a can ciki, ba mai kawo ɗauki da wuri.

Mafarauci ya bi wata hanya. A mataki na 5 yana iya koyon sihirin ɓatar da sawu, wanda ke ƙara maki 10 ga sanɗar duk abokin da ke cikin ƙafa 30 daga gare shi, har tsawon sa'a guda. Da wannan, mai sulke ma yakan wuce masu gadi ba ƙarar komai, ayarin ya shiga tare ya fito tare. Sai dai sau biyu kawai zai iya yin sihirin kafin ya yi dogon hutu, kuma muddin yana riƙe da shi, dole ya haƙura da sihirinsa na sa wa abin farauta alama. Sanɗarsa ta ƙashin kansa ma ta makara: ɓuyan gaggawa da Ɓarawo ya samu a mataki na 2, shi sai a na 14.

Ɗan Zuhudu ya haɗa biyun. A mataki na 3 yana kashe maki 2 na ƙarfin cikinsa, wanda littafin ke kira ki, ya yi wannan sihiri na ɓatar da sawu, ko ya saukar da baduhu, ko ya kashe duk wani sauti a wuri. Hutun sa'a guda ya isa ya mayar masa da makin. A mataki na 6 yakan ɓace daga wata inuwa ya ɓullo a wata mai nisan ƙafa 60. Shi ma da nasa tabon, domin duhunsa yakan makantar da abokansa kamar yadda yake makantar da maƙiya, rana tsaka a fili kuma rabin dabararsa ta tafi.

Duk da haka shi na sa a gaba, Mafarauci na biye, Ɓarawo a ƙarshe. Masoyan Ɓarawo za su ce ba laifinsa ba ne, na jagoran wasa ne, tunda akwai dokar da ta ce in rabin ayari suka ci jifan sanɗa, kowa ya ci. Gaskiya ne, amma wannan doka jifa ɗaya take ƙirga wa Ɓarawo, komai girman makinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suka ware yammacinsu suka taru, kowannensu ya zo ne ya jefa ɗan lido da hannunsa, kuma sana'ar da ta ba su wannan dama ita ta fi fahimtar wasan.