Sharhin Fim: Tom ya ɗaure kaya kafin ya samu aiki

Mai karatu, fim ɗin da na ɗauko maka a wannan watan ba namu ba ne. Sunansa The Five-Year Engagement, na Amurka ne, ya fito a 2012. Nicholas Stoller ne daraktan, kuma shi da jarumin fim ɗin, Jason Segel, suka rubuta labarin. An tallata shi a matsayin barkwanci da soyayya, amma ni a gani na ƙashin bayansa maganar abin yi ce.

Segel ya fito a Tom, mataimakin babban kuku a wani gidan abinci a San Francisco. Emily Blunt ce Violet, wadda aka yi musu baiko. Kwatsam sai ta samu gurbin bincike na shekara biyu a Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor. Gogan naka bai yi wata-wata ba, ya ce zai bi ta. Ranar da ya je ajiye aiki ne uwar ɗakinsa ta shaida masa cewa da ma shi ta yi niyyar ɗora wa sabon gidan abincin da za ta buɗe. Abokinsa Alex ya wafce kujerar.

To, a nan fim ɗin ya burge ni. Ba mu ga Tom ya tuntuɓi kowa a can ba kafin ya tashi. Sai da ya sauka sannan ya fara bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya. Babu gurbi, wasu har dariya suka yi masa don ya baro babban birni ya zo nan. Ƙarshe dai ya kama aikin haɗa biredi da nama a shagon Zingerman's. Dubi fuskar Segel a wannan zagayen: murmushi yake yi, amma kana ganin mutumin da girmansa ke zubewa a hankali. Da aka tsawaita zaman Violet a jami'ar, sai zaman wucin gadi ya zama rayuwa.

Daga nan kuma daraktan ya saki layi. Farautar barewa, tara ƙasumba, ga farfesan da ke son Violet, duk an cusa su don a ba mu dariya, har fim ya haura awa biyu ba gaira ba dalili. Akwai kuma wuraren da sam ba na kallo da yara ba ne, ka sani tun yanzu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, don namiji ne ya bi mace shi ya sa ya zama labari. A namu finafinan, in aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Abuja, sai dai mu ga an loda akwatuna a mota. Matar ko malamar makaranta ce ko nas, da wuya wani ya tambaya a ina za ta ci gaba da aikinta.